Gyambon ciki ya huje: a yi aiki ko a sa roba a jira?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah likitocin da ke cikinmu a taimaka min, kaina ya kulle. Yayana ne wanda nake bi, shekararsa 38, adaidaita sahu yake ja. Ya jima yana fama da olsa. Jiya bayan la'asar yana kan hanya ciwo ya sare shi farat ɗaya, ya ce ji ya yi kamar an caka masa wuƙa a ƙahon zuciya, da ƙyar ya gangara gefen titi. Abokan aikinsa suka kai shi kemis aka yi masa allura. Can cikin dare ya ce ya ji dama-dama, har ya kurɓi kunu, muka ce alhamdu lillahi. Wayewar garin yau ciki ya ɗaure tamau kamar katako, numfashi sama-sama yake yi, ko gadon ba ya son a taɓa. Da azahar muka kawo shi asibiti. An ɗauki hoton ƙirjinsa yana tsaye, likita ya ɗaga hoton ya nuna min wani baƙin layi kamar jinjirin wata a ƙasan huhun dama, ya ce iska ce ta fito daga hanji, gyambon ya huje, aiki za a yi a daren nan. To Hajiyarmu ta kafe ba za a yanka mata ɗa ba, don mahaifinmu tiyata aka shiga da shi bai fito ba. Ga wata maƙwabciyarmu ta zo dubiya ta ce mijinta ma haka ya yi, roba kawai aka sa masa a hanci ya warke. Yanzu tara saura kwata, takardar sa hannu tana hannuna. Da gaske ana warkewa ba aiki?

Maman Iman: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Dakta Auwal, Dakta Hadiza, kuna kusa?

Alhaji na Kwari: Allah ya sawwaƙe. Maƙwabciyar taku ba ƙarya ta yi ba. Kawuna haka aka yi masa, ni na yi jinyarsa. Roba a hanci, ƙarin ruwa, allurai, kwana tara aka sallame mu, ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Yana nan da ransa har yau. Likitocin yanzu dai hannunsu yana saurin kai wa wuƙa.

Dakta Auwal: Wa alaikumus salam. Baban Walid, je ka wurin nas ka tambayo min abu uku yanzu: bugun zuciyarsa nawa, awon jininsa nawa, kuma fitsari nawa ya taru a leda tun da aka sa masa robar fitsari.

Baban Walid: Ta ce bugun zuciya 122, jini 95 bisa 60, wannan ma bayan ledar ruwa ta uku. Fitsarin ɗan kaɗan ne, ja kamar baƙin shayi.

Dakta Auwal: To ɗan'uwa, sa hannu. Ban ga majiyyacin ba, likitan da ke kansa shi ne da magana, amma abin da ka faɗa ya dace da hukuncin da ya yanke. An haura awa 28 da hujewar, ciki ya sandare gaba ɗaya, zuciya tana gudu, ƙoda ta fara ja baya. Hanyar da maƙwabciyarku ta faɗa tana nan, ba tatsuniya ba ce, amma ba ta irin yayanka ba ce a wannan halin. Turo min lambarka ta gefe, ka ba Hajiya wayar in yi mata bayani da kaina. Kada a ba shi komai ta baki, ko ɗigon ruwa.

Baban Walid: Na tura, ranka ya daɗe.

Gwaggo Asabe: Kafin a gama shawara a jiƙa masa jar kanwa da ɗan nono, tana kwantar da olsa sosai, ni ita nake sha.

Sista Rabi: A'a Gwaggo, don girman Allah. Tulun da ya huje ba a ƙara masa ruwa. Duk abin da ya haɗiye yanzu ba hanji zai bi ba, cikin kogon ciki zai zube.

Dakta Auwal: Na yi magana da Hajiya, ta yi kuka ta ce a je a yi, Allah ya sa a dace. Sun tafi ɗakin tiyata. Yanzu Alhaji sai mu dawo kan maganarka, tunda ka ce hannunmu yana saurin kai wa wuƙa.

Alhaji na Kwari: Ai ban janye ba Dakta. Na ga wanda aka yi wa ba wuƙa ya tashi, gani kuwa ya kori ji.

Dakta Auwal: Ka gani, ban musa ba. Bari in faɗa maka abin da ya faru a cikin kawunka. Yawancin irin wannan huda a farkon ƙaramin hanji take, nan inda ya fito daga tumbi, ta fuskar gaba, kuma ƙarama ce, sau da yawa ba ta kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Da ta buɗe, ruwan tsamin tumbi da na matsarmama su kwarara cikin kogon ciki su ƙona tantanin da ke shimfiɗe a ciki. Wannan ƙunar ita ce wuƙar da yayan Baban Walid ya ji. Bayan 'yan awoyi jiki yakan zubo ruwa ya tsarma tsamin, sai ciwon ya lafa, mutum ya ce ya ji sauƙi. Wannan sauƙin yaudara ce, kuma a nan ake asarar mutane, don a lokacin ne ake cewa a bari gari ya waye. Daga wajen awa 12 zuwa sama ƙwayoyin cuta sun fara hayayyafa a ruwan nan, ya juye ya zama mugunya, hanji ya tsaya cak, ciki ya kumbura, guba ta shiga jini.

To amma Allah ya yi mana wani ɗan sanda a ciki. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san wannan labulen kitse mai kama da raga da ke lulluɓe da hanji, wanda ake naɗe hanta da shi a gasa. Mu ma muna da shi. In wani wuri ya ƙone, yakan matsa ya manne a wurin. Wani lokaci shi, ko gefen hanta, ya toshe hudar tun da wuri kafin abu mai yawa ya zuba. Kawunka yana cikin waɗanda suka dace da haka. Robar hanci ba ita ta ɗinke hudar ba, aikinta ta hana tumbi cika don kada fācin da jiki ya yi ya ɓalle.

Alhaji na Kwari: To ka ga ni. Tunda jiki yana yin fācin da kansa, me zai hana a ba shi dama?

Dakta Hadiza: Malam, ka ba ni izini in shigo, don ni na fi ka amfani da wannan hanyar, ba don so ba. Alhaji, hanyar tana da suna, ana jingina ta ga wani likitan Ingila, Hermon Taylor, da ya rubuta a kanta a 1946. A zura roba ta hanci har tumbi ana zuƙe duk abin da ya taru, a hana ci da sha ƙwata-ƙwata, a yi ta ƙarin ruwa, a ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rage tsamin ciki ta jijiya, sannan a tsaya a kan mutum ana dubawa. Ni a babban asibitin ƙaramar hukuma nake, kuma akwai daren da ba ni da mai ba da allurar barci. Wata damina aka kawo min wani manomi, awa bakwai da fara ciwon, ruwa ya cinye hanyar da za mu bi mu kai shi birni. Jininsa lafiya, bugun zuciya bai kai ɗari ba, ciwon a saman ciki kawai ya tsaya. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, na sa masa roba na jawo kujera. Duk awa sai na ɗora hannu a cikinsa, na ƙirga bugun jijiya da agogon waya. Kafin asuba ciki ya fara laushi. Kwana na biyar ya sha koko. Don haka in an ce min hanyar ba ta aiki, zan ce ban yarda ba.

Dakta Auwal: Ba shi labarin na biyun ma.

Dakta Hadiza: Zan ba shi ai. Wani saurayi ne, shi ma haka muka bi da shi, ya yi kyau, na sallame shi ina murna. Bayan mako biyu aka dawo da shi da zazzaɓi mai kaɗa haƙori, ya rame, ga shaƙuwa ba ta tsayawa. Ashe ruwan da ya zuba tun farko ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya zama ƙurji. Aikin da muka guje masa sai da aka yi shi a birni, kuma ya fi wahala. Hudar ta toshe, amma ba wanda ya wanke abin da ya zube.

Alhaji na Kwari: Ikon Allah. Amma ɗaya da ɗaya ke nan, kunnen doki.

Dakta Auwal: Shi ya sa ba a yanke hukunci da labarin kawu ko na manomi. An gwada abin a tsanake a Hong Kong, aka wallafa a 1989. Majiyyata 83, aka raba su da ƙuri'a, 43 aka yi musu aiki nan take, 40 aka bi da su ta hanyar roba. Mutuwa ta zo daidai, mutum biyu a kowane ɓangare. Masu son hanyar roba a nan suke tsayawa da karatu. Ka ci gaba kaɗan: cikin 40 ɗin nan, 11 ba su nuna sauƙi ba bayan awa 12, aka wuce da su tiyata. Da aka buɗe, biyu daga cikinsu ciwon dajin tumbi ne ya huje, ɗaya kuma dajin babban hanji. Wato uku ba ma olsa ba ce. Waɗanda aka bi da su ta roba sun fi daɗewa a gadon asibiti da kashi 35 cikin ɗari, kuma waɗanda suka haura shekara 70 hanyar ba ta cika karɓarsu ba. Ka lura da abin da ya ceci mutum 11 ɗin nan: akwai likitan da ke sake duba su, akwai ɗakin tiyata a buɗe yana jira. Hanyar roba ba guje wa tiyata ba ce, zama ne a bakin ƙofar tiyata da takalmi a ƙafa.

Sista Rabi: Wannan zaman da Dakta yake faɗa, a kanmu yake ƙarewa, bari in gaya muku yadda yake. Robar hancin nan toshewa take yi, musamman in mutum ya ci tuwo kafin abin ya same shi. Sai ka zo da babban sirinji kana ja, kana ɗura ɗan ruwa kana sake ja, kana auna abin da ya fito kana rubutawa. Ka duba ledar fitsari, ka auna jini, ka auna zafi. In ka yi sakaci awa biyu robar ta toshe, tumbi ya cika, fācin ya ɗaga. Yanzu ka ƙaddara ni kaɗai ce a ɗaki mai gado talatin da dare, ga mai haki can, ga wanda ruwansa ya ƙare nan, wuta ta ɗauke ina haska fitilar waya. Sannan ga 'yan jinya. Na taɓa juya baya na dawo na tarar da wata baiwar Allah ta ɗaga kan mijinta tana ba shi ruwa da murfin fulas, wai leɓensa ya bushe tausayi ya kama ta. Wani rubutu ne za a kawo a gora. Nakan ce musu a shafa masa a jiki, a yi masa addu'a, amma baki a rufe yake. Wanda aka yi wa aiki aka ɗinke hudar, wallahi jinyarsa ta fi sauƙin tsaro.

Maman Iman: Sannunku Sista, Allah ya biya ku. Ni tambayata, ta yaya likita zai san hudar ta toshe ko ba ta toshe ba, tunda ba ya gani?

Dakta Auwal: Tambayar ke nan Hajiya. Inda kayan aiki suka wadata, ana ɗura wani ruwa mai fitowa a hoto ta robar hanci, irin mai narkewa wanda ba ya cutar da kogon ciki, sai a ɗauki hoto ko a yi sikanin na CT. In ruwan ya wuce hanji bai yoyo ba, an toshe. In ya tsiyaya waje, ba sauran magana. Ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya, WSES, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, cewa ta yi kada a mayar da rashin aiki al'ada, sai ga zaɓaɓɓun majiyyata ƙalilan da wannan hoton ya tabbatar hudarsu ta rufe. To asibiti nawa ne a wajenmu za su yi maka wannan hoton ƙarfe biyun dare?

Kuma akwai abin da ya fi damuna a ƙasarmu. Iskar nan da ake gani kamar jinjirin wata ba ta faɗa maka daga ina ta fito. Taifot tana huda ƙarshen ƙaramin hanji, kuma duk wanda ya yi aiki a asibitocin Arewa ya san yawanta, musamman a yara da matasa. Ita wannan hudar kashi take zubarwa, roba a hanci ba ta yi mata komai. In ka zauna kana jiran ta toshe, gawa kake jira. Akwai kuma akasin haka: wani ruwan gyambon yakan gangara ta gefen dama ya taru a ƙasan ciki, a zaci afendis ne. Likitoci suna kiran wannan ruɗanin da sunan Valentino, wani ɗan fim ɗan Italiya mazaunin Amurka da ya mutu a 1926 yana ɗan shekara 31 bayan gyambonsa ya huje. Sannan ba kowace huda ce ke nuna iska a hoton ƙirji ba, ana samun waɗanda hotonsu fes amma hanji a huje.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina biye da ku tun ɗazu. Wajenmu ma zancen guda ne. Mutum yana ƙauye, ciwo ya kama shi, a gwada na gida, a gwada na mai tebur, kwana biyu a ɗora shi a amalanke zuwa ƙaramin gidan likita, daga can a rubuta masa takarda zuwa Maraɗi. Kafin lokotoro mai fiɗa ya gan shi kwana ukku sun wuce. To wannan muhawara ta a yi fiɗa ko kar a yi, mu ba mu ma iske ta ba.

Dakta Hadiza: Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Sharuɗɗan hanyar roba su ne mutum ya zo da wuri, cikin awa 24 ko ƙasa da haka, jininsa bai faɗi ba, ciwon bai game ciki ba, ba tsoho ba ne tukuf. Mutanenmu kuwa akasarin waɗanda nake gani sun riga sun wuce nan kafin su iso ƙofa. Manomin da na ba ku labari dacewa ya yi gidansa yana bayan asibiti. Amma Malam, ina da ja a wuri ɗaya. Akwai wanda ake kawowa ya yi laushin da in ka sa masa allurar barci ba zai farka ba. Tsoho mai ciwon zuciya, jini ya faɗi warwas, kwana huɗu. Shi fa?

Dakta Auwal: Shi ne mai wuyar, kuma abin takaicin shi ne wanda ya fi buƙatar a kauce wa wuƙa shi ne wanda hanyar roba ta fi kasawa a kansa. A nan ba na cika baki. Mukan fara da farfaɗo da shi, ruwa, allurai, iskar oksijin, mu ga ko zai ɗan tsaya da ƙafarsa. Wani lokaci a kashe fatar wuri ɗaya a zura roba a kogon ciki mugunyar ta fito, a sami sararin yin aikin daga baya. Wannan neman mafita ne, ba zaɓi ba. Wani likita a Hong Kong mai suna Boey ya fitar da ma'auni a 1987 da abu uku: faɗuwar jini kafin aiki, wata babbar cuta a jiki, da wuce awa 24. A majiyyatansa, marasa ko ɗaya ba wanda ya mutu, masu ɗaya kashi 10 cikin ɗari, masu biyu wajen 45, masu ukun duka ba wanda ya tsira. Alƙaluman sun tsufa, kulawa ta inganta tun daga lokacin, amma tsanin yana nan yadda yake. Cikin ukun nan, guda ɗaya ne a hannun dangi, wato agogo. A Denmark sun bi majiyyata sama da 2,600, suka wallafa a 2013 cewa duk awa ɗaya da aka ƙara tsakanin kwantar da mutum da shigar da shi tiyata, damar tsirarsa tana raguwa da kashi 2.4 cikin ɗari a kan awar da ta gabata. Shi ya sa na katse Baban Walid ɗazu ban tsaya dogon bayani ba.

Alhaji na Kwari: To na ji. Amma ku faɗi gaskiya, kuɗi ma yana ciki. Talaka in ya ji tiyata, lissafin gonarsa yake yi.

Dakta Auwal: Yana ciki, kuma ba na raina wannan tsoron, na ga an sayar da akuya a harabar asibiti. Sai dai a yi lissafin duka. Allurai ta jijiya na kwana da kwanaki, ledojin ruwa, ƙarin kwanakin gado, in kuma ta ƙi a dawo a biya kuɗin aikin da ya ninka wahala. Arahar ba tabbas gare ta ba.

Maman Iman: Aikin kansa me ake yi? Yanke hanjin ake?

Dakta Auwal: A mafi yawan lokuta a'a. A buɗe ta tsakiyar ciki sama da cibiya, a zuƙe ruwan da ya taru, a nemo hudar. A ratsa zare uku ko huɗu a gefe da gefenta, a jawo wannan labulen kitsen da na faɗa a kwantar a kai, a ɗaure zaren a hankali kada a shaƙe shi. Wato abin da jiki yake ƙoƙarin yi ne muke yi masa da hannu, mu tabbatar ya zauna. Ana kiransa fācin Graham, da sunan likitan Kanada da ya bayyana shi a 1937. Daga nan sai wanki, lita bayan lita na ruwan gishiri mai ɗumi, saƙo-saƙo, har ya fito garau, kuma rabin amfanin aikin a wankin nan yake. In hudar a tumbi take ba a hanji ba, sai an yanko ɗan gefenta an kai awo saboda daji. Huda babba ƙwarai ce ke sa a yanke wani sashe. Inda ake da na'ura, ana yin duk wannan ta 'yan ƙananan ƙofofi da kyamara, ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, amma ga wanda jininsa ke rawa buɗewa ta fi.

Alhaji na Kwari: Kai Dakta, in kai ne a kwance fa? Wanzami ba ya son jarfa.

Dakta Auwal: In na cika sharuɗɗan, aka yi min hoton nan aka ga ba yoyo, kuma Sista Rabi ce a kaina da gado biyar ba talatin ba, zan yarda a jira awa 12 a gani. In ɗaya ya ɓace daga ciki, a kira mai allurar barci.

Famasis Nura: Ni kuma bari in koma baya, don kun yi ta magana a kan rami ba ku tambayi wanda ya haƙa shi ba. Baban Walid ya ce yayansa adaidaita yake ja. Zan iya rantsuwa akwai ƙullin haɗi a aljihunsa. Masu aikin ƙarfi, direbobi, 'yan dako, da yamma a tsaya wurin mai tebur a ce a ba ni na gajiya. A ƙulla masa diklofenak da firoksikam da ibufurofen wuri guda, wani har da deksametazon, ya watsa a baki ciki ba komai, ya bi da lemon ƙara kuzari, ya kunna sigari. Waɗannan magungunan suna rage majinar da ke kare bangon tumbi daga tsaminsa. Guda ɗaya ma ana taka-tsantsan da shi ga mai olsa, balle uku. Kuma ba mamaki allurar da aka yi masa jiya ma daga danginsu take. Laifin namu ne mu masu sayarwa, ba zan kare kowa ba.

Gwaggo Asabe: Au, ba yunwa da yaji ne ke kawo olsa ba?

Famasis Nura: Suna tayar da ciwon ga mai shi, Gwaggo, amma manyan masu haƙa ramin biyu ne: magungunan nan, da wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori da ke zama a tumbi, wadda akan ɗauka tun ana yara. Likitoci biyu ne a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano alaƙarta da gyambo. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya ɗaga ruwan da ya rena ƙwayar a ciki ya shanye a 1984, ya kwanta ciwo. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kanwar da kike sha tana kashe zafin na ɗan lokaci ne, ƙwayar tana nan tana aikinta. Ki je a gwada ki.

Dakta Hadiza: Kuma wannan ya shafi duk wanda ya tsira, ko da wuƙa ko da roba. Fāci ba ya warkar da olsa, rami kawai ya rufe. A Hong Kong ɗin dai, a wani binciken na shekarar 2000, waɗanda aka yi wa fāci aka kuma kashe musu ƙwayar, kashi 4.8 ne gyambon ya dawo musu cikin shekara guda. Waɗanda aka ba maganin rage tsami kawai, kashi 38.1. Maganin na mako biyu ne, omefrazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, a shanye duka ko an ji garau. Wanda kuma aka bi da shi ta roba, dole bayan mako shida zuwa takwas a zura kyamara ta baki a leƙa, tunda ba wanda ya ga gyambon da ido. Alhaji, an leƙa na kawunka?

Alhaji na Kwari: Wallahi ba a leƙa ba. Da aka sallame mu ko waiwaye ba mu yi ba. Kuma yana nan yana shan na ciwon gwiwa kullum.

Dakta Hadiza: To gobe ka kira shi.

Baban Walid: Jama'a alhamdu lillahi, yanzu uku da minti ashirin na dare, an fito da shi. Likitan ya ce hudar kamar ƙwayar masara take, a buɗe take tana zuba, ba abin da ya rufe ta, kuma sun zuƙe ruwa mai ɗoyi ya fi lita biyu, har da ɓurɓushin kunun da muka ba shi. Da ya faɗi haka sai da gwiwata ta yi sanyi. Ya buɗe ido ya gane Hajiya. Sun ce kwana biyun nan su ne abin dubawa saboda ƙodarsa. A ci gaba da sa shi a addu'a. Dakta Auwal, ban san da bakin da zan gode maka ba.

Dakta Auwal: Alhamdu lillahi. Godiya ta waɗanda suka tsaya a kansa ce. Ka sa ido a ledar fitsarin nan, in tana cika alama ce mai kyau. Da sun ba da izini a tayar da shi zaune, a sa shi yana jan numfashi mai zurfi ko da yana jin zafi, kada huhu ya kwanta.

Maman Iman: Masha Allah. Wanda zai taimaka da wani abu ya yi min magana ta gefe, zan haɗa in kai da safe.

Baban Walid: Sista, Hajiya ce ke tambaya, wai leɓensa ya tsattsage, ko a ɗan ɗiga masa zamzam?

Sista Rabi: Ta jiƙa auduga ta goga masa a leɓe kawai, kada ya haɗiye. Sha sai likitansa ya ce.

Baban Walid: To. Famasis, yaron da ya dawo da mashin ɗin ya kawo min wata baƙar leda daga akwatin gaba. Ƙulli goma sha ɗaya ne a ciki, kowanne ƙwaya biyar, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna a jiki.

Famasis Nura: Kada ka zubar. Kai wa likitansa gobe lokacin zagaye, kuma ka ɗauko min hoton ƙwayoyin gaba da baya inda rubutun yake.